Ƙwararre da Allunansa Shida

A kamfanin sabulun da ke bayan tashar manyan motoci an yi wani ma'aikacin ofishin takardu da ake ce wa Ƙwararre. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa tun makon da ya kama aiki. Abokan aikinsa kuwa suka karɓa hannu bibbiyu, don sun lura sunan zai yi musu rana duk sa'ad da suke neman abin dariya. Mutum ne da ba a taɓa kawo zance ya ce bai sani ba. In injin kwafi ya cije takarda, ya san dalili. In motar kamfani ta ƙi tashi, ya san dalili. Gyaran ne dai kullum sai an kira wani.

Su uku ne a ofishin. Akwai Dattijo, shugaban sashe, wanda saura mako uku ya ajiye aiki, har ma ya fara gwajin hutun a kan kujerarsa mai hannuwa. Akwai wata mata da ta shekara ashirin da biyu a teburin jikin taga, ana ce mata Mai Rula, saboda wata tsohuwar rular katako da take ɗorawa a kan takarda tana saukar da ita layi-layi in tana buga rubutu. Allon kwamfutarta ɗaya ne, ƙarami, gefensa har ya dafe. Sai Ƙwararre, wanda ganin rular nan kaɗai kan ɓata masa rai. Yakan ce duniya ta yi nisa, Anti tana nan tana auna takarda da katako.

Ran wata Litinin Manaja ya shigo ya ce kamfani zai sabunta katin shaidar ma'aikata duka, mutum ɗari da tamanin, kowa da hotonsa da sunansa da muƙaminsa. Za a raba katunan a taron sallamar Dattijo, a gaban kowa. Ya ƙara da cewa kujerar Dattijo ba za ta zauna babu kowa ba, kuma daga wannan aikin zai gane wanda ya dace da ita. Ya tambayi Mai Rula kwana nawa aikin zai ci. Ta ce mako biyu, in ana so a duba kowane kati.

Ƙwararre ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yallaɓai, a ba ni shi ni kaɗai. Kwana uku."

"Kwana uku?"

"Na ukun ma na hutu ne."

Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ya ce in ya yi, kujera tasa ce. Ya bar masa jerin sunaye a takarda, ya ce hotunan ma suna cikin kwamfuta, an jera su bi da bi kamar yadda sunayen suke.

Da yamma Ƙwararre ya koma gida ya shaida wa matarsa an ba shi shugabancin sashe, sanarwa kawai ta rage. Baiwar Allah ta ɗauki waya ta gaya wa mahaifinta, mahaifin ya gaya wa duk wanda ya gaishe shi a ranar. Kafin Ƙwararre ya gama wanke ƙafa, surukin ya kira yana sa albarka, yana cewa dama ya san 'yarsa ba ta yi zaɓen tumun dare ba. A nan ne ya gane in kujerar nan ta kuɓuce masa, ba a ofis kaɗai zai ji kunya ba.

Amma yana da dabara. Ya taɓa ganin wani bidiyo a wayarsa, wani mutum zaune gaban allunan kwamfuta biyu yana cewa allo na biyun ya ƙara masa saurin aiki da rabi. Ƙwararre ya buga lissafinsa. In allo ɗaya ya ƙara rabin mutum, biyar za su ƙara mutum biyu da rabi, ga kuma shi kansa wanda a ganinsa dama ya yi mutum biyu. Duk inda aka je aka dawo, rular Anti ta mutu.

Washegari ya tafi wurin Mai Sito, wanda ke ajiyar tsofaffin kayan ofis, kuma shi ake kira in wayar wuta ta ba da matsala. Mai Sito ya tambaye shi me zai yi da allo biyu alhali kwamfutarsa ɗaya ce.

"Idonka nawa?" in ji Ƙwararre.

"Biyu."

"To ka ba kanka amsa."

Ya rungumo allon ya jona da kansa, bai yarda kowa ya sa masa hannu ba. Allon ya kawo haske, ya nuna abin da na farkon ke nunawa, harafi da harafi. Ƙwararre ya buga kalma ɗaya, ta fito sau biyu. Daɗi ya kama shi har ya miƙe tsaye. Ya wuni yana tare masu wucewa ta baranda su zo su ga yadda aiki ke ninka kansa. Can da yamma Mai Rula ta leƙo ta saman tabarau ta ce masa ai abin da ke wannan shi ne a wancan. Ya ce da ita wannan shi ake kira tantancewa, ɗaya na aiki, ɗaya na shaida. Sai da Mai Sito ya zo karɓar sa hannu, ya danna maɓalli biyu, allunan suka rabu kowanne ya kama gabansa. Ƙwararre ya ce dama yanzun nan yake shirin yin haka.

Bayan kwana biyu ya koma neman na uku. Mai Sito ya leƙa goshinsa ya tambaya ko ido na uku ne ya tsiro. A na huɗu bai ma tambaya ba, ya nuna masa da baki kawai. Na biyar daga ɗakin direbobi ya samo shi, inda suke rataye hula a kansa. Ya sayo wani ɗan akwati mai bakuna da yawa da za a cusa wayoyin duka. Tebur ya cika ya batse. Ya tara tsofaffin fayiloli ya ɗora biyu a kai, ya jawo kwalin sabulu ya ɗora ɗaya, ya ci rabin teburin Dattijo da sauran. Mako guda ya wuce a wannan gini, kati ko ɗaya ba a buga ba.

Sai matsalar kibiya ta taso, 'yar kibiyar nan da ke yawo a allo in an motsa linzamin kwamfuta, wato maus. Yadda ya jera allunan daban, yadda kwamfutar ta san su daban. In ya tura maus dama, kibiya sai ta ɓace daga allon tsakiya ta ɓullo a na sama ta hagu. In ya bi ta can, ta faɗo na kan kwalin sabulu. Wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya, ya riƙa girgiza maus yana rarraba ido.

"Baba, don Allah duba min allon da ke kusa da kai, ko ta zo nan."

Dattijo ya buɗe ido ɗaya. "Wa?"

"Kibiya."

"Ban ga wucewarta ba. Ka tambayi Maigadi, shi ke ganin masu fita."

A garin farautar nan ne rannan ya ja maus ya ja, har hannunsa ya ture kofin shayin Dattijo. Shayi ya malale a kan jerin sunayen da Manaja ya ba shi. Ƙwararre ya ɗaga takardar da yatsa biyu ya jefa kwandon shara, ya ce Allah ya raka taki gona, dama takarda aikin mutanen da ne, sunayen ai suna cikin kwamfuta. Mai Rula ta tashi ta ciro takardar, ta shanya ta a bakin taga, ta danne da rularta.

Yanzu duk wanda ya shigo ofishin ba ya ganin Ƙwararre, bayan alluna kawai yake gani da wayoyi sun zubo. Sau biyu Manaja yana leƙowa yana fita da fushi, har ya sa aka rubuta cewa bai zo aiki ba, alhali yana nan a ciki yana neman kibiya. Wata rana direbobi biyu suka shigo, ba su san yana nan ba, suka tambayi Mai Rula ina mai gidan kallon, kuma ƙarfe nawa ake fara nuna ƙwallo, su zo da benci. Duk a kunnensa. Bai ji haushi ba ko kaɗan, don ya daɗe da sanin cewa mai nasara ba ya rasa 'yan baƙin ciki.

Abin da ya dame shi shi ne allunan nan biyar duk ƙanana ne, shi kuwa hotuna babban waje suke so. Da sassafe matarsa ta fito ta tarar yana kwance talabijin daga bangon falo.

"Abban yara, ina za ka kai shi?"

"Aiki zai yi. Kwana uku kacal."

"Su yara me za su kalla?"

"Su kalli bangon, yana ƙara kaifin tunani."

"Yau na ga shugabanci. Sauran mata mazansu in sun samu girma kaya suke shigowa da shi, nawa fita yake yi da shi."

Ya ce mata babba shi ke fara sadaukarwa. Ta ce ta ji, amma in ya dawo da ko ƙwarzane ɗaya, shi zai riƙa tsayawa jikin bangon kowace yamma yana karanta musu labarai da baki. Ya naɗe talabijin da bargo, ya ɗaure a bayan babur, ya tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

A ofis ya kafa shi can ƙarshen hagu, a kan kabad. Ya cusa filoginsa a soket ɗin da ke ɗauke da alluna biyar da fanka da butar dafa ruwa. Aka ji fat, wuta ta ɗauke a benen gaba ɗaya. Daga ofishin Manaja aka jiyo wata murya tana tambayar wane ne. Mai Sito ya hau da tocila, ya duba, ya ce layin ba zai ɗauka ba, ko dai a cire alluna biyu, ko a cire fanka da buta. Ƙwararre bai ko yi shawara da kowa ba ya zare fanka da buta. Daga ranar ofishin ya koma tanda. Dattijo ya ja kujerarsa mai hannuwa ya koma baranda. Mai Rula ta ci gaba da aikinta tana fifita da bangon fayil.

Mako na uku ya kama, jiki ya fara magana. Waiwayen dama da hagu da sama ya sa wuyan Ƙwararre ya sanƙare, in ya juya hagu sai ya ji kamar an soka masa allura. Ga shi talabijin a hagun yake. Da wani ne, da ya matso da shi gaba, amma wannan dabarar talakawa ce. Ƙwararre ya sauka ya kwanto madubin babur ɗinsa, ya ɗaure shi da salatif a gefen allon tsakiya, ya saita shi yadda zai riƙa hango talabijin ba tare da ya juya ba. Dattijo ya leƙo daga baranda ya ce ya daɗe yana jin ana cewa baki shi ke yanka wuya, yau dai ya ga ya fara da sanƙarar da shi.

Saura kwana biyu taro aka fara aikin gaske. Ga yadda ya raba wa allunan aiki. Ɗaya na nuna agogo. Ɗaya na nuna akwatin saƙo, wanda ba mai aiko masa komai. Ɗaya na nuna wani zane mai layi yana hawa sama, wanda shi kansa bai san na mene ne ba, amma yana da kwarjini. A na tsakiya yake haɗa katin. Sunaye da muƙamai suna ƙaramin allon direbobi. Hotuna suna talabijin, yana hangensu ta madubi, kowace fuska ba ta fi ƙwayar wake ba. Sai ya ɗauki suna na ɗaya ya haɗa da hoto na ɗaya, na biyu da na biyu. In sunayen shafin suka ƙare, ya danna maɓallin saukar da shafi a nan, ya danna a can, ya sake farawa daga sama.

Mai Rula ta tsaya a bayansa ta ɗan kalla. Ta ɗora rularta a kan ƙaramin allon ta ƙirga, ta je talabijin ta ƙirga.

"Ƙanena, wannan layi ashirin yake ɗauka, wancan talatin. In ka sauke su tare ba za su sauka daidai ba."

"Anti, kwamfuta ce fa, ba ɗinkin hannu ba."

"Na sani. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle shida."

"Ya danganta da haƙoran mutum."

Ya buga katuna goma na farko ya baje mata a tebur. Duka daidai, kowa da fuskarsa. Ta ce shafi na biyu za a duba, ba na farko ba. Ya ce ƙwararre ba ya duba aikinsa sau biyu, kuma ya fahimci halin da take ciki, kujera ce ba daɗin rasawa. Ta dube shi na ɗan lokaci, ba fushi a fuskarta, tausayi ne ma. Ta ɗauki rularta ta koma jikin taga.

Abin da ta faɗa kuwa shi ya faru. Duk sa'ad da ya gama sunaye ashirin ya danna, sunaye su sauka ashirin, hotuna su yi tsalle talatin. Tun daga shafi na biyu kowane suna ya auri fuskar da ba tasa ba. Da hotuna suka ƙare tun sunaye da saura, talabijin ya tsaya cak a shafin ƙarshe, Ƙwararre na ta danna maɓalli yana sake kwasar fuskokin nan dai. Sau ɗaya ya ɗan ji kamar ya taɓa ganin wani gashin baki a madubin, sai ya ce a ransa ma'aikatan kamfanin nan dole su yi kama da juna, sabulu ɗaya suke wanka da shi. Injin buga kati yana bayan katangar alluna yana tofar da katuna cikin kwali. A kwana ɗaya da rabi ya gama. Ya liƙe kwalin da salatif, ya fito baranda ya sanar wa duk mai kunne.

Ranar taro aka jera kujeru a filin lodi, aka kawo lasifika. Ma'aikata suka cika wurin, masu dafa sabulu da masu yanka da masu zubawa a kwali da direbobi. A layin gaba ga matar Ƙwararre ta ci ado, ga mahaifinta kusa da ita da sandarsa, don Ƙwararre da bakinsa ya gayyace su su ga ranar girmansa. Bayan an yabi Dattijo an ba shi agogon bango, Ƙwararre ya nemi a ba shi minti ɗaya, ya ci goma. Ya yi bayanin alluna shida da kwana ɗaya da rabi, yana juya jikinsa gaba ɗaya in zai kalli wani ɓangare saboda wuyan. Ya rufe da cewa zamanin katako ya wuce.

Manaja ya farke kwalin ya fara kiran suna yana miƙa kati. Mutum ashirin suka karɓa, kowa ya duba ya yi murmushi. Aka yi tafi. Suruki ya gyaɗa kai yana duban na kusa da shi.

Na ashirin da ɗaya wani ƙaton mutum ne mai gemu daga sashen tukunya. Ya karɓi katinsa ya yi taku uku, ya tsaya, ya dawo.

"Yallaɓai, sunan nawa ne. Amma ni ban taɓa sa ɗan kunne ba."

Manaja ya karɓa ya duba. Wata yarinya ce daga sashen kwali take murmushi a kan sunan. Ƙwararre ya matso ya ce hasken kyamara ne, yakan canza mutum. Mai gemun ya ce to hasken ya yi ƙoƙari, har gemun ya aske. Na gaba wata tsohuwar ma'aikaciya ce, ta samu fuskar wani direba mai sanƙo. Na bayanta ya samu fuskar mutumin da suka shekara ba sa ga maciji. Kafin a kai suna na arba'in, layi ya watse, kowa ya ɗaga kati sama yana yawo cikin taro yana cigiyar mai fuskar. Dariya ta hana a ji lasifika.

Ƙwararre ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfuta. Da ya ga ba wanda ya saya, ya ce injin buga katin ne. Mai Sito daga baya ya ɗaga murya ya ce injin abin da aka ba shi yake bugawa, bai san kowa ba balle ya yi son kai. Ƙwararre ya buɗe baki zai ce maƙiya ne, sai ya ga Manaja ya ciro nasa katin daga ƙasan kwali ya ƙura masa ido.

Sunan Manaja ne, muƙamin Manaja ne, fuskar kuwa ta Maigadi ce da gashin bakinsa. Aka bincika aka ga fuskar Maigadi ta fito a kati huɗu. Maigadi ya matso ya leƙa, ya cire hula ya sosa kai.

"Yallaɓai, ni ba na ƙin ci gaba. Amma in na hau sama, wa zai tsare ƙofa?"

Har Dattijo sai da ya share hawaye. Manaja bai yi dariya ba. Ya juya ya tambayi Mai Rula ko ta san abin da ya faru. Ta miƙe ta faɗa a taƙaice, allo ɗaya layi ashirin, ɗaya talatin, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Manaja ya tambaya ko ta gaya masa tun da wuri. Ta yi shiru tana duban ƙasa. Shirun nan ya fi wa Ƙwararre ciwo a kan dariyar mutum ɗari da tamanin.

Aka zazzage sauran katunan a tebur. Fuskar Mai Rula ita ma ta fito sau huɗu, a kan sunan wani direba, da wani mai yanka sabulu, da wani mai gyaran inji. Dattijo ya ce wannan ba kuskure ba ne, dama aikin mutum huɗu take yi. Manaja ya ɗauki na huɗun ya daɗe yana dubawa. Sunan Dattijo ne a jiki, a ƙasa an rubuta Shugaban Sashen Takardu, a sama ga Mai Rula da tabaraunta. Ya ɗaga shi ya kusanto lasifika.

"A cikin ɗari da sittin da suka lalace, wannan ne mai sauƙin gyara. Hoto ya yi daidai, muƙami ya yi daidai. Suna kawai za a canza." Ya juya wajen Ƙwararre. "Kuma da hannunka ka buga shi. Na gode da shawara."

Tafi ya ɓarke. Ƙwararre ya tsaya da sanƙararren wuya, ko sunkuyar da kai ya kasa, dole ya kalli taron ido da ido. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Aka duba katunan kaf, fuskarsa ba ta fito ko a ɗaya ba, tana cikin waɗanda talabijin ya tsallake. Matarsa ce ta tsinto katin da ke ɗauke da sunansa, da hoton wani tsoho mai shara ba haƙori ko ɗaya. Ta duba, ta miƙa wa mahaifinta, ta ce ita dai ba wannan ta aura ba. Surukin ya kai katin kusa da ido, ya mayar da shi tebur a hankali, ya dogara sanda ya miƙe. Ya ce wa 'yarsa ta je ta nuna a sauko mata da talabijin ɗinta, su kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Ran Litinin Ƙwararre ya yi sawu huɗu zuwa sito da ɗakin direbobi. A sawun ƙarshe Mai Sito ya leƙa fuskarsa ya ce madalla, idanun sun koma biyu, sai dai allo ɗaya ya ishe su. Aka mayar da fanka da buta. Aka dawo da kujera mai hannuwa daga baranda, amma Mai Rula ba ta hau ba, ta ce ta saba da tata, ta ɗora fayiloli a kai.

Ta kira shi ya jawo kujera kusa da teburin taga. Ta shimfiɗa masa takardar nan mai tabon shayi, wadda ta bushe ta yi ƙwari, ta ɗora rular katako a kai. Ta ce shi zai riƙa karanto suna da muƙami, ita tana nemo fuskar, don duk ta san su. In sun yi haƙuri, mako biyu sun gama. Nasa katin ma za a yi, da fuskarsa, in an zo kansa.

Ƙwararre ya daɗe yana kallon rular. Sannan ya gyara murya, ya rage sauti yadda na baranda ba za su ji ba.

"Anti, na yi nazarin abin nan sosai. Kin san inda matsalar take? Da akwai allo na bakwai wanda zai riƙa sa ido a kan sauran shidan, da duk haka ba ta faru ba."

Mai Rula ba ta ɗago daga ƙaramin allonta ba.

"Layi na ashirin da ɗaya, ƙanena. Sauke rular."

Ya sa yatsa biyu ya sauke ta layi ɗaya, ya fara karantawa.